Shirun Tsuntsu

Shafi na 27

Masu cika min waya da saƙo kuna cewa in tausaya wa Maman Tsuntsu in bar ta ta huta, ai sati uku na ba ta. Ke kuma baiwar Allah da kika ce har hamdala kika yi da yaron ya daina ihu, ki yi haƙuri da ni yau.

* * *

Sati uku cif ke nan Tsuntsu bai yi ihu ba.

Wanda bai taɓa zama gida ɗaya da shi ba zai ce to sai me? Yaro ne ɗan shekara shida da har yau bai buɗe baki ya ce "Mama" ba. Likitoci sun ce otizim ne, 'yan layi suna cewa galahanga, dangi suna cewa iska ce, kowa dai da irin wuƙar da yake yanka uwar da ita. In ya ji daɗi sai ya ware hannuwa yana kaɗawa kamar zai tashi sama, dalilin da ya sa babansa ya laƙaba masa Tsuntsu ke nan. In kuwa ransa ya ɓaci, gidan ba ya zaunuwa. Watan jiya abin ya kai maƙura. Ihu ba ƙaƙƙautawa, buga kai da bango, har malamarsa ta makaranta ya gantsara wa cizo a hannu aka koro shi.

Sai rana ɗaya ya yi tsit.

Shi ya sa yau uwarsa ta shigo ɗakin koyon magana na asibitin yara da fara'arta, sanye da sabuwar rigar da ta ɗinka wa kanta. Tela ce, amma shekara biyu kekenta yana lulluɓe da tsohon zani saboda Tsuntsu ba ya jure ƙararsa. A satin nan uku ta buɗe shi, ta sa masa mai, har ɗan mayafi ta ɗinko wa Anti Mai Kati, matar da take koya wa yaron nuna abin da yake so da katunan hoto. Anti ta yi wata guda tana hutu, yau ne ta dawo.

"Anti, taya ni murna. Yarona ya samu sauƙi."

"Masha Allah. Sauƙi kamar yaya?"

"Ba ihu, ba cizo, ba buga kai. Makaranta ma sun yarda ya koma. Jiya har kasuwa na je da shi, wallahi ko mutum ɗaya bai juyo ya kalle mu ba."

Anti ta ajiye mayafin a gefe ko warware shi ba ta yi ba, ta durƙusa a gaban yaron. Yana nan inda uwarsa ta zaunar da shi a kan shimfiɗa, kai a langaɓe, yawu yana bin haɓarsa.

Anti ta ɗaga katin da aka zana kofin ruwa.

"Tsuntsu, ga ruwa. Wa yake son ruwa?"

Wata huɗu suka yi kafin ya koyi katin nan. Ranar da ya fara fizgarsa ya danƙa wa uwarsa a hannu, a wannan ɗakin, sai da ta fita baranda ta yi kukan murna. Yau ko kallon katin bai yi ba.

"Maman Tsuntsu, zauna."

"Lafiya?"

"Zauna dai. Yaushe rabon da ya kaɗa hannu?"

Ta buɗe baki za ta ce jiya, sai ta ga ba jiya ba ne. Ba shekaranjiya ba ne kuma.

"Yaushe rabon da ya ja miki riga ya kai ki gaban firij?"

"Ai yanzu ba ya..."

"Dariya fa? Wannan dariyar tasa da yake ƙyalƙyalawa in ya ga fanka tana juyawa?"

Haushi ya taso wa Maman Tsuntsu. Shekara shida tana jiran rana irin wannan, ta ɗauko murnarta tun daga gida, ga shi ana nema a zubar mata da ita a ƙasa.

"Anti, ke fa kika ce a yi ta haƙuri, wata rana zai natsu. To ga shi ya natsu."

"Natsuwa daban, wannan daban. Yaron da ya natsu yana wasa, yana kalle-kalle, yana neman abu. Wannan kuwa jikinsa ne kawai a nan."

"Subhanallahi! Wace irin magana ce wannan?"

"Na sha gaya miki, ihun Tsuntsu shi ne bakinsa. Ni da ke in takalmi ya matse mu, sai mu ce ya matse mu. Shi ba shi da wannan. Ba rashin kunya ba ce, ba mugunta ba ce. Duk ranar da kika ga ya yi cizo, to akwai abin da ya faɗa sau goma ba wanda ya ji."

"Na sani, Anti."

"To watan jiya me yake faɗa? Da yake buga kai, wane gefe yake bugawa?"

"Dama."

"Kullum?"

Ta ɗan yi tunani.

"Kullum dama. Ga tabon ma nan."

Anti ta tallafi kan yaron a hankali ta juya shi wajen hasken taga. Tsuntsun da ko aski sai mutum uku sun riƙe shi, ya bar ta tana taɓa masa kunne ko motsi bai yi ba. Ta leƙa, ta kai hanci, sai ta runtse ido.

"Zo ki gani."

Mugunya ce ta bushe a cikin kunnen, wata sabuwa tana biyo bayanta. Maman Tsuntsu ta tuna tabon rawayan da take gani a matashinsa kowace safiya. Ta ɗauka yawu ne. Wankewa kawai take yi ta shanya.

Anti ta ja su ɗakin likita na kusa. Likitan ya haska kunnen ya ce ciwon ya haura wata guda, har ya fashe daga ciki, irin ciwon da yake hana ƙaton namiji zama. Ya rubuta magani. Sannan ya ɗaga fatar idon yaron ya daɗe yana kallo.

"Yana shan wani magani a gida?"

"Ko ɗaya, likita. Babansa a kemis yake aiki, ba ya ma son a riƙa ɗura wa yaro magani."

"To wani yana ba shi abin sa barci. Ban san wane ne ba, ban san mene ne ba. Ga takarda, gobe da safe a kawo shi a ɗauki jini da fitsari. Gwajin zai gaya mana."

Maman Tsuntsu ta karɓi takardar. Kafin ta kai ƙofa ta gama yanke hukunci. Sati uku da komawarsa makaranta, sati uku da yin shirunsa. Wace ce take da haushinsa in ba malamar da ya ciza ba?

* * *

Ta sauke shi a gida, ta kwantar da shi a gadon Inna, surukarta, wadda take zaune tare da su tun rasuwar mijinta.

"Me aka ce da maigidan nawa?" in ji tsohuwar.

"Ina zuwa, Inna."

Ko zama ba ta yi ba ta koma cikin tasin da ta kawo su.

Kemis ɗin a bakin titi yake, ɗan tsukuku, tebur a gaba, kwalaye har rufi. Likita 'yan unguwa suke ce wa Baban Tsuntsu, shi kuwa bai taɓa hana su ba, ko da yake iyakarsa da makarantar likitoci wucewa ta bakin ƙofa. Amma a ba shi haƙƙinsa, mutum ne mai awo. Shekara goma sha biyu yana tsaye a bayan teburin nan ba a taɓa dawo masa da kuka ba. In ya ce ƙwaya uku, to uku ce.

Ta same shi yana ja wa wata tsohuwa layi a bayan kwalin magani, ɗaya safe, ɗaya yamma.

"A'a, Maman Tsuntsu? Ina yaron?"

"Yana wajen Inna. Cire farar rigar nan ka rufe shago, makaranta za mu."

"Makaranta kuma? Me ya faru?"

Ta jira tsohuwar ta fita, sannan ta buga takardar a kan tebur.

"Maganin barci suke ba ɗanka."

Bai ce innalillahi ba. Bai ce wa ya faɗa ba. Takardar ya ɗauka ya karanta daga sama zuwa ƙasa, ya sake komawa sama.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Likitan asibiti. Gobe za a ɗauki jininsa."

"Jini? Yaron da sai mutum huɗu sun danne shi kafin a yi masa allura? Haba, ai wahalar da shi kawai za a yi."

"Yau ko wuƙa aka ɗauko ba zai motsa ba. Mu tafi."

"Ki bi a hankali, Maman Tsuntsu. Zargi ba kyau."

Ya ninke takardar gida huɗu ya zura a aljihu, ya juya yana gyara kwalayen da suke a jere tun safe. Shekara takwas tana aure da mutumin nan. Ta san in ya fara jera abin da yake a jere, to akwai maganar da ba ya son fitowarta.

"Ba ni takardata."

"Ki bar ta a nan, zan yi magana da wani abokina a..."

"Na ce ba ni takardata! In ba ka zuwa ni zan je. Daga can ofishin 'yan sanda zan wuce. Wallahi sai an kulle matar nan, ta ji in da daɗi."

"Ba ruwan malamar."

"Ka ce me?"

"Na ce ba ruwan matar nan. Kada ki ɗauki alhakinta."

"Yaya aka yi ka sani?"

Ya zagayo ya ja ƙofar shagon ya bar ta a ɗan buɗe. Bai koma bayan tebur ba. Kan wani kwalin ruwan allura ya zauna, ya haɗa hannuwa a tsakanin gwiwoyinsa. Tsayin da take gani a jikinsa kullum, yau ta neme shi ta rasa.

"Babbar kwalbar bitamin ɗin nan da na kawo gida..."

"Na cin abinci?"

"Ba bitamin ba ne a ciki."

Wata babbar mota ta wuce ta girgiza kwalaben da suke kan katako. Maman Tsuntsu ta ji maganar sarai, amma kanta ya ƙi karɓa.

"Ban gane ba."

"Na juye bitamin ɗin na zubar, na wanke kwalbar. Na zuba maganin mura, irin mai sa barci. Launinsu ɗaya."

"Kai?"

"Ni."

"Kai da kake hana ni ba shi ko na zazzaɓi sai ka duba?"

Ya sunkuyar da kai.

Ba ta san lokacin da ta zauna a kan bencin masu jira ba. Likitan asibiti ya tambaye ta ko yana shan magani, ta ce ko ɗaya, don a wajenta bitamin ba magani ba ne, ɗan uwan abinci ne. Sai ta kalli hannunta na dama, ta daɗe tana kallonsa.

"Da hannuna," ta ce a hankali. "Da hannuna nake ba shi."

"Maman Tsuntsu..."

"Ni nake riƙe masa haɓa. Ina cewa haa, Tsuntsu, haa, sha ka yi ƙarfi. Har bisimilla nake yi masa. Kana zaune a ɗaki kana shan shayinka kana jina."

"Ki saurare ni."

"Ka rasa hannun da za ka yi aikinka da shi sai nawa? Yaron nan duk duniya hannu ɗaya ya yarda da shi. Ko kai ba ya karɓar abu a hannunka. Shi ya sa ka bi ta kaina, ko?"

Bai musa ba. Rashin musun ya fi mata ciwo a kan duk abin da ya faɗa.

"Don me? Makaranta ce ta ba ka kunya? Ko maƙwabta? Ko don kada a ce ɗan Likita ne yake ihu a layi?"

"Don ke."

"Kada ka soma! Kada ka kuskura ka ɗora min!"

"Ranar da aka koro shi daga makaranta na dawo gida cin abincin rana. Kin tuna? Na same shi a falo yana buga kai, jini a bango. Ke kina cikin banɗaki kin kulle ƙofa. Ba ki san na shigo ba."

Ta tuna ranar.

"Me kika ce?"

"Ka bari."

"Cewa kika yi, 'Ya Allah ka ɗauki ɗaya a cikinmu, ko ni ko shi, na gaji.' Sau uku kika faɗa. Ina tsaye a bayan ƙofar."

Hawayen da take riƙewa tun daga asibiti suka ɓalle. Ta ɗauka tsakaninta da Ubangijinta ne ta yi maganar nan, ta yi istigfari ta binne. Ashe akwai kunne a bayan ƙofa, kuma ga abin da kunnen ya je ya haifar.

"Gajiya ce ta yi magana, ba ni ba."

"Ni ban san haka ba. Na tsorata. Na ga zan dawo wata rana in tarar da abin da ba zan iya gani ba. Na koma da baya ban ci abincin ba, na zo na zauna a nan inda nake zaune."

"Da ka buga ƙofar."

Ta share hawayenta da bayan hannu.

"Da ka buga ƙofar ka ce fito, kawo shi, je ki kwanta. Awa ɗaya kawai nake nema, Baban Tsuntsu. Awa ɗaya in rufe ido ba tare da ina sauraren bango ba. Ban ce ka ɗauke min ɗana ka bar min gangar jiki ba."

"Ni abin da na iya ke nan!" Muryarsa ta fashe. "Mutum ya shigo min da kuka, in miƙa hannu in ɗauko masa kwalba. Shekara goma sha biyu abin da nake yi ke nan. Kowa a unguwar nan na san abin da zan ba shi, ban da ɗana. Kin san yadda wannan yake? In dawo gida yana ihu, in tsaya kamar gunki, ba ya kallona, ba ya son in taɓa shi?"

Tun da take ba ta taɓa ganin hawayensa ba, ko a rasuwar mahaifinsa. Tausayi ya taso mata, ta danne shi da ƙarfi.

"Kwana uku na yi niyya," ya ci gaba. "Wallahi kwana uku, ki samu ki yi barci. Sai na dawo na ji ƙarar kekenki tun daga bakin layi. Na shigo na same ki kina waƙa. Rabon da in ji ki kina waƙa tun yana goye. Kullum sai in ce gobe zan daina."

"Ka san abin da yake gaya mana ranar nan da yake buga kai?"

Ya ɗago.

"Kunnensa ne."

"Kunne?"

"Na dama. Ya yi ruwa, ya kumbura, har ya fashe daga ciki. Likita ya ce ya haura wata. Ba rigima yake yi ba, ba iska ba ce, ba taurin kai ba ne. Ciwo yake ji. Yana nuna mana wurin da duk ƙarfinsa, har jini ya fitar don mu gani. Ni na gudu banɗaki, kai ka toshe masa baki."

Baban Tsuntsu ya juya a hankali ya kalli katakon da yake daidai kafaɗarsa. Maganin kunne ne jere a wurin, iri uku, har da wanda ya ba ɗan wani direba shekaranjiya ya ce masa kwana biyar zai warke.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ya dafe kai da hannu biyu. An je neman gira an rasa ido, kuma ba wanda za a kai wa ƙara. Suka zauna haka, shi a kan kwali, ita a kan benci, taku biyu ne a tsakaninsu amma ba wanda ya iya miƙa wa ɗan uwansa hannu. Wani ya leƙo yana tambayar maganin ciwon kai, ya ga fuskokinsu, ya ja da baya da kansa.

Can ya share fuska da gefen farar rigarsa.

"Abu ɗaya dai, bai yi masa illa ba. Wannan na tabbata. Na ɗora shi a sikeli, na auna nauyinsa, na duba littafi. Cokali ɗaya da safe. Ko yaron da bai kai shi ba zai ɗauka. Daga yau a daina, cikin kwana biyu zai dawo yadda yake."

Ta ɗago kai.

"Cokali ɗaya ka ce?"

"Ɗaya. Ai na ja miki layi ɗaya a jikin kwalbar."

"Ka ce min maganin cin abinci ne."

"To?"

"Ran da ya ƙi ci, biyu nake ba shi."

Ya miƙe tsaye.

"Biyu? Sau nawa kika yi haka?"

"Kusan kullum. Tun da ya fara shirun nan ba ya ci. Sai in ga kamar ɗaya ya yi masa kaɗan. Yau ma biyu na ba shi, don kada ya je gaban Anti da yunwa."

"To, biyu... biyu na ɗan cokalin roba, da sauƙi. Da sauƙi."

"Wane cokalin roba?"

"Wanda na haɗo da kwalbar! Ɗan ƙaramin nan na awo!"

"Baban Tsuntsu, yaushe rabonka da ganin ɗanka yana cin abinci? Shekara biyu ke nan ba ya buɗe wa kowane cokali baki sai nasa. Na robar tun ranar farko ya yi jifa da shi."

"Nasa wane?"

"Na ƙarfen nan mai shuɗin mariƙi."

"Babban? Na cin abinci?"

"Shi."

Ta ga leɓensa yana motsi, yana lissafin da ya saba yi wa 'ya'yan mutane. Ta ga lokacin da lissafin ya fito, don jinin fuskarsa ne ya tsere gaba ɗaya.

"Wannan cokalin uku ne na awo. Biyu kuma shida ke nan." Ya riƙo ta a kafaɗa. "Ina kwalbar take yanzu?"

"Kan firij."

"Inna ta san da ita?"

Maman Tsuntsu ta gyaɗa kai.

"Ni na nuna mata. Na ce in ba na nan ya ƙi cin abinci..."

Bai jira ta ƙarasa ba. Ya zaro waya ya kira Inna, ya sa ta a lasifika. Ta yi ta ringi har ta katse. Inna ba ta taɓa sanin inda take ajiye wayarta ba. Ya sake kira. Maman Tsuntsu ta riƙe gefen tebur tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, rabi da rabi.

A kira na uku aka ɗauka.

"Salamu alaikum, wa ke magana?"

"Inna, ni ne. Ina Tsuntsu?"

"Af, kai ne? Maigidana yana nan lafiya lau, barcinsa yake sha. Ka ce wa matarka ta kwantar da hankalinta, ta fita kamar an koro ta."

"Tun da ta kawo shi yake barci?"

"Ina! Fitarta ke da wuya ya farka. Yana ta dukan kunne yana 'yan ƙananan koke-koke, na ce to, tsohon hali zai dawo. Na kawo abinci ya ture, na kawo shayi ya ture. Na ce yunwa ce take cin bawan Allah."

"Inna, kin ba shi wani abu?"

"Maganin cin abincin nan mana da ka kawo. Ai Allah ya yi maka albarka da maganin nan."

Maman Tsuntsu ta toshe bakinta da hannu.

"Nawa kika ba shi?"

"Na ga saura kaɗan a kwalbar, na ce maimakon a bar guntu yana yawo, gara in ƙarasa masa. Ya sha abinsa tas, ko tofarwa bai yi ba."

Baban Tsuntsu ya kalli matarsa. Ba sai ya tambaya ba. Ita ta rufe kwalbar da safe, ita ta san inda ruwan ya tsaya.

"Ta kusa rabi," ta ce.

"Inna, ki saurare ni da kyau. Je ki tashe shi. Yanzu."

"Haba kai kuwa, yaro ya samu barci mai daɗi a ce a tashe shi? Ku 'yan zamani..."

"Inna, don girman Allah ki tashe shi!"

Tsohuwar ba ta taɓa jin ɗanta ya ɗaga mata murya ba. Suka ji jan silifas ɗinta a kan siminti, suka ji ƙarar labule, suka ji gadon ya yi ƙara da ta zauna.

"Maigidana. Kai, maigida. Tashi ga babanka yana kira."

Shiru.

"Tsuntsu. Tashi mana, angona, rana ta yi."

Suka ji tafi, sau biyu, irin wanda ake yi a kusa da kunne. Tsuntsun da faɗuwar murfin tukunya take firgita shi daga ɗaki na uku.

Maman Tsuntsu ta fizge wayar.

"Inna! Inna, ɗaga shi zaune! Yayyafa masa ruwa! Inna, kina jina?"

Da muryar tsohuwar ta dawo, babu sauran wasa a cikinta. Ta yi ƙasa, tana rawa, kuma ba surukarta ta amsa wa ba, ɗanta ta kira.

"Kai da ka san aikin magani, gaya min... numfashin yaro, da ma yakan yi nisa haka tsakanin wani da wani?"